Mol: lissafin da ke rubuce a jikin buhun taki

An rubuto wannan lacca ne daga muryar da aka naɗa ta wani malamin kemistiri, wadda ya gabatar wa ɗaliban aji biyu da aji uku na babbar sakandare a wani ƙauye da ke yankin Kura, jihar Kano. Wasu iyayen yara manoma ma sun halarta.

Assalamu alaikum. Iyayenmu da kuka baro gona kuka zo, Allah ya ƙara girma. Ɗalibai, a buɗe littafi a ɗauki biro, don yau da hannu za mu yi aikin.

Matsalar da mol ya zo ya warware guda ɗaya ce. Sinadarai idan za su haɗu, da ƙirge suke haɗuwa: ƙwayar zarra biyu ta haidirojin da guda ɗaya ta oksijin su ba da ruwa. Mu kuwa ba ma iya ganin ƙwayar zarra balle mu ƙirga ta, sikeli kawai muke da shi. To mol shi ne hanyar da ake ƙirgawa ta hanyar awo. Kamar kiret ɗin ƙwai ne: kiret ɗaya ƙwai 30 ne, ko na kaza ko na zabuwa, amma idan ka ɗora su a sikeli nauyinsu ba ɗaya ba ne. Mol ma adadi ne tsayayye, 6.022 × 10²³, nauyinsa ne yake canzawa gwargwadon abin da aka ƙirga.

Ana kiran adadin nan lambar Avogadro, don girmama Amedeo Avogadro, ɗan ƙasar Italiya, wanda a 1811 ya ce iskar gas kowace iri ce, in an cika mazubi iri ɗaya da ita a zafi ɗaya da matsi ɗaya, yawan ƙwayoyinta ɗaya ne. Ba shi ya auna lambar ba, ya rasu tun 1856. Bafaranshe Jean Perrin ne ya sa mata sunansa a 1909. Littattafanku da yawa har yanzu suna cewa mol shi ne yawan ƙwayoyin da ke cikin giram 12 na kabon-12. Wannan tsohon bayani ne. Daga watan Mayu na 2019 an tsayar da lambar a kan 6.02214076 × 10²³ cif. Lissafinku na WAEC da NECO bai canza ba ko kaɗan.

Abin da ya sa aka zaɓi wannan lambar shi ne, nauyin da aka rubuta wa kowane sinadari a jadawalin sinadarai, in ka sa masa giram, ka sami mol ɗaya. Haidirojin 1, kabon 12, naitirojin 14, oksijin 16. Ruwa H₂O ne: 1 sau biyu, a tara da 16, ya zama 18. Giram 18 na ruwa, wato babban cokali ɗaya da ɗan ɗoriya, shi ne mol ɗaya. Gishirin miya NaCl 58.5 ne. Daga nan ƙa'ida ɗaya za ku riƙe: yawan mol shi ne nauyin da ka auna a raba da nauyin mol ɗaya.

Yanzu mu ɗauko buhun yuriya, wanda babu gidan mai noman shinkafa daga nan zuwa Kadawa da Bunkure da ba a san shi ba. A jikinsa an rubuta 46. Daga ina aka samo 46?

Ana rubuta yuriya CO(NH₂)₂. Ku lura da biyun da ke wajen baka, duk abin da ke ciki take ninkawa. Nan ne ɗalibai suka fi zubar da maki, sai yaro ya ninka haidirojin ya manta naitirojin, ya sami 46 a matsayin nauyin mol, ya ga ya yi daidai da na jikin buhu, ya yi ta murna. Ba haka ba ne. Kabon ɗaya 12, oksijin ɗaya 16, naitirojin biyu 28, haidirojin huɗu 4. Jimilla 60. Rabon naitirojin shi ne 28 a raba da 60, a ninka da 100, ya ba da kashi 46.7 cikin ɗari. Kamfani yana rubuta 46 ne saboda na kasuwa ba ya rasa ɗan danshi da ɗan wasu abubuwa da ke shiga wajen sarrafawa. Ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Sauran kilo 27 ɗin ba algus ba ne, kabon ne da oksijin da haidirojin da suka riƙe naitirojin ɗin.

Kamfa kuma, NPK 15-15-15, tana da wata 'yar dabara da ko masu sayar da ita ba duka suka sani ba. 15 ɗin farko naitirojin ne zalla, kilo 7.5 a buhu. Shi ya sa sai ka haɗa buhun kamfa uku kafin ka kusa kamo naitirojin ɗin buhun yuriya ɗaya. Amma 15 na biyu ba fosforas zalla ba ne, an lissafa shi ne a matsayin P₂O₅. Fosforas 31 ne, sau biyu 62, oksijin biyar 80, jimilla 142. Raba 62 da 142, kashi 43.7. Don haka cikin kilo 7.5 ɗin nan, ainihin fosforas bai wuce kilo 3.3 ba. Na uku K₂O ne: fotasiyam 39 sau biyu 78, oksijin 16, jimilla 94; 78 a kan 94, kashi 83, wato kusan kilo 6.2. Ba ha'inci ba ne, haka aka saba rubutawa a kasuwancin taki tun da daɗewa, amma wanda zai lissafa wa gona abincinta dole ya sani.

Ana iya juya lissafin baya. A ce an ba ka wani farin gari, an ce kabon kashi 20, haidirojin 6.7, naitirojin 46.7, oksijin 26.7, ka gano mene ne. Ɗauka cewa giram 100 gare ka, sai kowane kashi ya zama giram. Raba kowanne da nauyinsa: 20 da 12 ya ba da 1.67, 6.7 da 1 ya ba da 6.7, 46.7 da 14 ya ba da 3.34, 26.7 da 16 ya ba da 1.67. Raba duka da mafi ƙanƙanta, ka sami 1, 4, 2, 1. CH₄N₂O ke nan, yuriyarmu ce ta dawo.

Inda ake faɗuwa a nan shi ne gaggawar cike lamba. Sinadari mai ƙarfe kashi 70 da oksijin kashi 30: 70 a raba da 56, nauyin ƙarfe, ya ba da 1.25, 30 a raba da 16 ya ba da 1.875. Rabonsu 1 da 1.5. Kada ka ce 1.5 ta kusa 2. Ninka duka biyun da 2, ka sami 2 da 3, Fe₂O₃, sinadarin da ke ba tsatsa da jar ƙasa launinsu. In ka ga 1.33 ninka da 3. Abin da ake yafewa shi ne irin 1.98 ko 2.02.

Wani dattijo ya yi tambaya: Malam, me ya sa in mun watsa yuriya a sarari wani lokaci sai ka ga kamar ba a zuba ba?

Baba, wannan ma mol ne yake ba da amsa. Yuriya in ta sami ɗan danshi a ƙasa, tana rikiɗa: CO(NH₂)₂ + H₂O → 2NH₃ + CO₂. Ɗalibai, lambobin da ke gaban sinadarai a irin wannan jeri mol suke nufi, ba giram ba. Mol ɗaya na yuriya, giram 60, yana ba da mol biyu na amoniya, 17 sau biyu, giram 34. Kuma duk naitirojin ɗin da aka biya kuɗi dominsa yana cikin amoniyar nan, ita kuwa iska ce. In taki yana saman ƙasa ga rana ga iska, wani kaso nasa sai ya tashi. In an tona an rufe, ko ruwa ya shigar da shi ƙasa, sai ƙasa ta riƙe shi har saiwa ta sha. Kuskuren da yara suke yi a takarda shi ne su ce giram 1 ya ba da giram 2. A mayar da giram mol tukuna, a bi rabon da jerin ya nuna, sannan a komo giram. Mataki uku ne, kada a tsallake na farko.

Batun gas a taƙaice: mol ɗaya yana cin lita 22.4, amma a digiri 0 da matsin iska na ma'auni. A zafin watan Afrilu na digiri 40, mol ɗin zai kai kusan lita 25.7. Kuma 22.4 na gas ne kaɗai, kada in ga wani ya sa wa ruwa. Sannan iskar oksijin O₂ ce, 32, ba 16 ba.

Saura haɗa ruwan gwaji, wanda za ku yi da hannunku a jarrabawar aiki. An ce ka haɗa cm³ 250 na ruwan sodiyam kabonet, Na₂CO₃, mai ƙarfin mol 0.1 a lita. Fara mayar da cm³ 250 zuwa lita: 0.25. Wanda ya manta wannan amsarsa za ta ninku sau 1000. Ninka 0.25 da 0.1, mol 0.025. Nauyin mol ɗaya 106 ne, don haka giram 2.65 za ka auna. Amma karanta jikin kwalbar. In an rubuta Na₂CO₃·10H₂O, akwai ruwa mol goma maƙale a ciki, nauyin ya zama 286, sai ka auna giram 7.15. Mu nan akwai ƙarin matsala: da hunturu, in an bar kwalbar a buɗe, busasshiyar iska tana zuƙe wannan ruwan, ƙwayoyin su koma farin gari, ba 286 ba ne kuma ba 106 ba. Irin wannan ba a amfani da shi wajen aikin da ke son daidaito. Soda ta masu sabulu, NaOH, akasin haka take yi, tana jan danshi tana kan sikeli, musamman da damina, shi ya sa ake auna ta da sauri a rufe kwalba nan take, kuma ba a taɓa ta da hannu.

Ka narkar da garin a ɗan ruwa tukuna, ka juye a kwalbar awo, ka ɗauraye kofin sau biyu ko uku ka zuba a ciki, sannan ka cika har layi, idonka daidai da layin. Ba ruwa cm³ 250 ake zubawa a kan gari ba, jimillar ce za ta zama 250.

Aikin gida: takin amoniyam salfet, (NH₄)₂SO₄, sulfa 32 ne. Ku nemo kashin naitirojin ɗinsa, sannan ku faɗa mini kilo nawa ake bukata kafin a kamo buhun yuriya ɗaya. A kawo ranar Litinin.