Seminari: Inda Ake Horar da Fadan Katolika

Kafin matashi ya tsaya gaban bagadi a kira shi Fada, yakan shafe shekara tara ko goma a Najeriya yana karɓar horo. Makarantar da ke wannan aiki ita ce seminari.

Asalinta daga babban taron bishop-bishop ne na garin Trent, a arewacin Italiya. A lokacin, firistoci da yawa sun koyi aiki ne ta hanyar bin wani tsohon firist, wasu ko Latin ɗin da suke addu'a da shi ba su fahimta sosai. Shi ya sa a 1563 taron ya umarci kowane dayosis, wato yankin da bishop ɗaya ke kula da shi, ya buɗe makarantar horar da su. A Arewa, babbar seminarin St. Augustine da ke Jos ta fara aiki a 1967, kuma tana da alaƙar karatu da Jami'ar Urbaniana ta Roma.

Dokar coci ta ce karatu ba zai gaza shekara shida ba: biyu na falsafa, huɗu na tauhidi. A Najeriya an ƙara a kai. Akwai shekarar farko ta addu'a da nazarin kiran zama firist, falsafa takan kai shekara huɗu, sannan a tura ɗalibi ikilisiya ya yi shekara guda yana koyar da katikizim (darussan tushen addini) da ziyartar marasa lafiya, kafin ya koma ya shiga tauhidi: Littafi Mai Tsarki, Girkanci da Ibrananci, tarihin coci, dokar coci, tsarin sujada da wa'azi. Ba a naɗa shi dikon, matakin da ke ƙasa da firist, sai ya cika shekara 23, firist kuwa sai 25, da tazarar aƙalla wata shida tsakani.

Amma cin jarrabawa kaɗai ba ya sa a naɗa mutum. Paparoma John Paul na Biyu ya jaddada a 1992 cewa hali shi ne tushen sauran horon. Malamai suna zaune da ɗalibai dare da rana, suna lura da yadda mutum ke riƙe fushi, kuɗi da amana, kuma ko zai iya zaman rashin aure. Su rubuta rahoto, bishop ya yanke hukunci.

Akwai wata ƙa'ida mai muhimmanci ƙwarai a nan. Kowane ɗalibi yana da jagoran ruhaniya da yake buɗe wa cikinsa, kuma doka ta hana a nemi ra'ayin wannan jagora, ko na firist ɗin da ke sauraron furcin zunubansa, lokacin da ake shawarar naɗa shi ko sallamarsa. Dalili a fili yake: in ɗalibi ya san sirrinsa zai fita, zai rufe baki, matsalar kuma ta bi shi har cikin ikilisiya.

Wata ɓarakar takan zo ne idan wanda aka sallama ya nemi shiga wata seminari a ɓoye. Don toshe wannan, dole sabon bishop ya nemi shaida daga inda aka sallame shi kafin ya karɓe shi.