Darasin noma: yadda ake mayar da fitsari taki

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, manoma maza da mata, barkanmu da warhaka. Yau magana ce a kan takin da muke zubarwa kullum a bayan gida.

Ku dubi buhun takin zamani, za ku ga an rubuta NPK. Harafin tsakiyan nan, P, shi ne fosfaras, sinadarin da ke ƙarfafa saiwa, ya sa zangarniya ta cika. In kun ga masara ta tsumbure tun tana ƙarama, ganyenta na ƙasa ya yi ja-ja, sau da yawa shi ne ya yi ƙaranci. Daga dutse ake haƙo shi, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na dutsen da aka sani a duniya yana hannun Maroko. Akwai shi a Tawa da Sakkwato, amma yawancin abin da ke cikin buhunmu daga waje yake zuwa, shi ya sa kuɗinsa ke bin dala.

To, fosfaras ɗin da muka ci a tuwo da wake ba ya ɓacewa, fiye da rabinsa ta fitsari yake fita. Ma a cikin fitsari aka fara gano shi, a birnin Hambug na Jamus, a 1669.

Na san wani ya riga ya yamutsa fuska. Ku yi haƙuri ku ji. A jihar Maraɗi ta Nijar, matan ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya sun gwada fitsari a matsayin taki a gonakin gero tare da masu bincike, daga 2014 zuwa 2016. Oga suke ce masa. Amfanin da suka girba ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari. Kuma matan nan su ne aka fi bari da gonaki masu nisa, marasa ƙarfi, ba su da kuɗin buhu.

Ga yadda ake yi. Ki samu jarka mai murfi, a riƙa tara fitsari zalla, kada kashi ya taɓa shi ko kaɗan. In ta cika, ki ɗaure murfin tam. Wannan wurin ku riƙe shi da kyau: warin nan mai hawa kai da ke fita in an buɗe, ƙarfin takin ne yake tserewa. Sai a ajiye jarkar wata biyu zuwa uku, zafinmu na nan da kaifin fitsarin su kashe ƙwayoyin cuta. In kayan lambu ne da ake ci ɗanye, irin su latas da tumatir, a bar shi wata shida, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta.

Ranar zubawa, kafin komai a jijjiga jarkar. Farin dasƙin nan da ya kwanta a gindinta, a nan wani kaso na fosfaras ya taru. Wanda ya tsiyaye ruwan da ke saman jarkar ya bar shi, ya bar wani kaso na abin da muke nema. A sirka kofi ɗaya da kofi uku na ruwa. A tona ɗan rami kamar faɗin tafin hannu daga gindin shuka, a zuba, a rufe da ƙasa nan take. Kada ya taɓa ganye, zai ƙone. Da yamma ya fi, ko bayan an yi ruwa. Najasa ce, don haka a sa safar hannu ko leda, a wanke hannu da sabulu, a canza tufafi kafin salla.

Fitsari kaɗai ba ya isa, domin sinadarin da ke sa ganye kore ya fi yawa a cikinsa. A haɗa da takin gida, da ƙasusuwan mahauta da aka ƙone aka daka, a binne su tun kafin shuka, don a hankali suke narkewa. Kada kuma a cika zubawa wuri ɗaya, akwai gishiri. A daina wata guda kafin girbi.

Bana ku fara da kunya biyar kawai, ku bar biyar a gefe babu komai, ku kwatanta da kaka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.