Dusar Ƙanƙarar da Yara Za Su Yanka Su Ci

Assalamu alaikum iyaye da malaman yara. Ku kwatanta wani abu a kan faranti a ranku: fari fat, ga tsini shida kamar tauraro. Burodi ne, kuma ɗan shekara biyar zai iya yanka shi da hannunsa.

A Amurka da Kanada, idan hunturu ya kankama sanyi ya hana fita, yara kan ninke farar takarda su yanka siffar ƙwayar dusar ƙanƙara su manna a taga. Wasu iyayen sai suka ajiye takarda suka ɗauko tortilla, burodin nan na Meziko mai faɗi da laushi. Idan ba a same shi ba, burodin shawarma marar kauri ya wadatar.

To me ya sa tsini shida? Nan ne daɗin darasin yake. Idan tururin ruwa ya daskare a cikin gajimare, ƙwayoyinsa kan jeru ne zobe-zobe mai kusurwa shida, daga kowace kusurwa kuma reshe ya tsiro. Wani manomi mai suna Wilson Bentley, mutumin garin Jericho a jihar Vermont ta Amurka, ya haɗa kyamara da madubin ƙara girman abu, a 1885 ya ɗauki hoton ƙwayar dusar ƙanƙara guda kafin ta narke. Ya ci gaba har ya tara hotuna sama da 5,000, bai kuma taɓa samun biyu iri ɗaya ba. Ku gaya wa yara wannan labarin tun kafin su riƙe almakashi, domin kada wani ya ga nasa bai yi kama da na ɗan'uwansa ba ya ɓata rai.

Yanzu ga aikin. A wanke hannu, a wanke almakashi, wanda bakinsa ba shi da tsini. A ɗan ɗumama burodin a kasko har ya yi laushi, in ba haka ba zai tsage wajen ninki. A ninke shi gida biyu, sannan a sake ninkewa gida uku. Ku lura da kyau a nan, gida uku, ba biyu ba. Mutane da yawa kan ninka biyu-biyu su ƙare da tsini takwas, wanda ba haka dusar ƙanƙara take ba. Babba ya yanke bakin da'irar ya bar tsini a tsakiya, sai a miƙa wa yaro ya ɗan cire ƙananan gutsure a gefe da gefe yadda ransa ya so.

Sai buɗewa. Don Allah ku bar yaron ya buɗe da kansa, a hankali. Kallon fuskarsa a lokacin ya fi komai.

A shafa narkakken bota sama-sama, a jera a tire, a gasa a oben mai zafin digiri 200 kamar minti biyar, har gefen ya fara ja. Wannan aikin babba ne, yara su ja baya. Idan ya huce, a zuba niƙaƙƙen sukari a rariya, yaro ya riƙa bubbugawa yana kallon garin yana sauka. Mai son ƙamshi ya ƙara 'yar kirfa. Gutsattsarin da aka cire ma kada a zubar, a gasa su tare, su ake fara ci.