Jawabin Maraba ga Babbar Baƙuwarmu a Daren Nazarin Rawar Jean Hagen

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma babbar baƙuwarmu, uwa kuma malamarmu, Farfesa, ranki ya daɗe. Shugabannin wannan ƙungiya ta masu nazarin fim, malamai da ɗalibai, da 'yan uwa maza da mata da suka cika wannan zaure, barkanmu da warhaka.

Ranki ya daɗe, a madadin ƙungiya nake yi miki maraba lale. Sannu da hanya, sannu da gajiya. Mun san ayyukan da ke gabanki, mun kuma san cewa ture wasu kika yi kafin ki samu wannan daren ki ba mu. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan a hannunki suka fara sanin cewa wasan kwaikwayo ilimi ne da ake zama a koya. Kin kuma sha zama a kujerar alƙalanci, inda ake ɗora aikin 'yan wasa a sikeli a ce wannan ya fi wannan. Wannan kujerar ce ta sa muka nace sai ke, domin ƙara muke son shigarwa a gabanki yau, ƙarar wata 'yar wasa da ta bar duniya tun 1977.

Sunanta Jean Hagen. An haife ta a Shikago ta ƙasar Amurka a 1923, ta karanci wasan kwaikwayo a Jami'ar Northwestern, ta yi aikin rediyo da na dandamali kafin ta shiga fim. Abin da ya tara mu shi ne rawar da ta taka a matsayin Lina Lamont a fim ɗin Singin' in the Rain na kamfanin MGM, wanda ya fito a 1952, Gene Kelly da Stanley Donen suka ba da umarni, Betty Comden da Adolph Green suka rubuta. A yau duk wanda ya san tarihin fim ya san darajarsa. Yana cikin finafinai 25 na farko da Amurka ta shigar kundin adana finafinanta na ƙasa a 1989. Amma a shekarar da ya fito, wuri biyu kacal ya samu a takarar Oscar, babbar kyautar fim ta Amurka: ɗaya na tsara kiɗa, ɗaya kuma na mataimakiyar jaruma, wato na Jean Hagen. Duk cikin 'yan wasan fim ɗin, har da Gene Kelly kansa, ita kaɗai ce sunanta ya shiga.

Saboda waɗanda yau ne ganinsu na farko, bari in shimfiɗa labarin a taƙaice. An gina shi a Holiwud ta 1927, shekarar da The Jazz Singer ya fito ya nuna wa kamfanoni cewa zamanin fim marar murya ya zo ƙarshe. Lina tauraruwa ce ta wancan zamanin, kyakkyawa, mai ɗimbin masoya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa jin ta buɗe baki. Kamfaninta ya san dalili. Muryarta siririya ce mai tsinin allura, ta hanci take fita, ga lafazi irin na kan titi wanda bai dace da kayan sarauniyar da ake sa mata ba. Da makirfo ya iso, sai asiri ya kama hanyar tonuwa.

Abin da nake so mu fara lura da shi, ranki ya daɗe, shi ne abin da Hagen ta yi kafin ta furta ko da kalma ɗaya. An shafe fiye da minti goma da fara fim ba a ji muryar Lina ba. Tana tsaye gefen jarumin, wanda Gene Kelly ya fito a matsayinsa, yana ta zuba wa 'yan kallo tarihin kansa, ita kuwa sai murmushi. Amma ku dubi wannan murmushin da kyau. Sau da yawa takan matso kamar za ta ce wani abu, ya tare ta, ta koma da baya fuska a washe, ido kuwa ya ƙanƙance. Mai kallo bai san abin da ake ɓoye masa ba tukuna, amma jikinsa ya ba shi cewa akwai wata a ƙasa. Saboda haka lokacin da ta shiga bayan labule ta fashe da faɗa, muryar nan ta fito, dariyar da ake yi ta daɗe tana taruwa. Hagen ce ta tara ta, da kafaɗa da ido da yadda take riƙe wuya kamar an ɗora mata tulu.

Muryar kuwa ƙirƙira ce. Hagen mace ce mai murya mai kauri da taushi, irin wadda rediyo ke so. Wanda ya kalli The Asphalt Jungle na John Huston, wanda ya fito a 1950, zai gan ta a matsayin Doll, wata baiwar Allah da so ya wahalar, tana kuka har gashin idon da ta liƙa yana ɓallowa. Da wuya mutum ya yarda mace ɗaya ce. Kafin nan ta kasance 'yar ko-ta-kwana ga Judy Holliday a wasan dandamali na Born Yesterday a New York, kuma da Holliday ɗin a zuci aka fara tsara rawar Lina. Ke nan Hagen ta san irin wannan murya tun daga tushe, ta san inda ake matse ta da inda ake sakinta. Ku saurara yau za ku ji ba ta tsaya a sauti ɗaya ba. Akwai muryar shagwaɓa idan tana tare da jarumin, akwai ta tsiwa idan ta juya kan ma'aikata, akwai kuma wata mai sanyi da take fitowa idan magana ta kai ga kuɗi da kwantiragi. Duka ukun munana ne, kuma kowace da aikinta. Ɓata murya da gangan tun daga farkon fim har ƙarshensa, ba tare da ta zame ko sau ɗaya ba, ba tare da kunnen mai kallo ya gaji ya rufe ba, aiki ne da mawaƙa za su fi kowa sanin nauyinsa.

Amma a ganina gishirin wasan yana wani wuri. Lina ba ta san tana ba da dariya ba, kuma Hagen ba ta taɓa bari mu kama ta tana sane ba. Mun sha ganin ɗan barkwancin da zai yi abin dariya sannan ya saci kallon kyamara, kamar yana cewa kun dai san wasa nake yi. Yana yin haka ne don ya tsira da mutuncinsa, kada a ɗauka shi ma wawa ne. Hagen ta ƙi neman wannan mafaka. Ta shiga rigar Lina ta ɗaure har wuya. Lina ta yarda ɗari bisa ɗari cewa tana da baiwa. Ta yarda jarumin yana son ta har za su yi aure, alhali a mujallun masoya ta karanta, labarin da kamfani ya ƙirƙira don talla. A wajen malamar koyar da lafazi, malama ta faɗi jimla a nutse, Lina ta maimaita ta a karkace, sannan ta ɗaga kai cike da gamsuwa, don a kunnenta babu wani bambanci tsakanin abin da aka ce da abin da ta ce. Wannan gamsuwar ce ke kashe mutum da dariya. Da ta nuna ko da ƙwayar shakka a fuska, da wasan ya mutu nan take.

Sai fitowar makirfo, wadda ɗalibanmu suka fi so. An ɓoye shi a cikin wata shuka, an ce ta riƙa magana tana fuskantarsa, ita kuma ta saba kaɗa kai dama da hagu irin na tsohon salo, sai murya ta riƙa zuwa tana ɗaukewa. Aka ɗinke shi a ƙirjin rigarta, sai ga bugun zuciyarta a na'ura. Aka mai da shi kafaɗa. Darakta yana neman haukacewa, ita kuwa haushinta na gaske ne, domin a wurinta ita ce tauraruwa, makirfo ne ya kamata ya bi ta. A nan nake ganin wani abu da ba a cika faɗa ba. Ƙarƙashin dariyar akwai tsoro. Mace ce da ta ƙware a sana'a, aka wayi gari an canza dokokin sana'ar ba da shawararta ba. Hakan ya faru da 'yan wasa na gaske a ƙarshen shekarun 1920, waɗanda muryarsu ko lafazinsu ya rufe musu ƙofa. Hagen ba ta roƙar wa Lina tausayi ba ko kaɗan, Lina muguwa ce, ta sa an kori yarinya daga aiki don ƙyashi. Duk da haka idan ta zaro kwantiraginta ta karanta wa shugaban kamfani abin da ya sa wa hannu, ta yi barazanar kai shi kotu, sai mutum ya farga cewa wadda ake yi wa kallon sakarai ta fi su duka sanin inda ƙarfinta yake. Wauta da wayo a jiki ɗaya, kuma babu wanda ya ƙaryata ɗan uwansa.

Yanzu ga abin da ya fi taɓa ni. A cikin labari, an ɗauko wata yarinya mai suna Kathy, wadda Debbie Reynolds ta fito a matsayinta tana da shekara 19, don ta riƙa ɗora muryarta a kan bakin Lina a ɓoye. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Fim ɗin gaba ɗaya yana tafiya ne zuwa ga lokacin da za a ɗaga labule jama'a su ga mai muryar ta gaskiya. To amma a wurin da aka nuna Kathy tana ɗora wa Lina zance da wata murya mai daɗi ta manyan mata, muryar da muke ji ta Jean Hagen ce da kanta, muryarta ta ainihi. A waƙar soyayyar da ke wannan sashe kuma wata mawaƙiya ce, Betty Noyes, ta rera a madadin Reynolds. Wato fim ɗin da ya tashi tona asirin satar murya, shi ma ya ɓoye masu murya biyu a bayan nasa labulen, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce matar da ya sa duniya ta yi wa muryarta dariya. Ina roƙon kowa ya kasa kunne idan an zo wurin.

An yi bikin Oscar na wannan zagaye ranar 19 ga Maris 1953, kuma shi ne na farko da aka nuna a talabijin. Gloria Grahame ce ta ɗauki kambun saboda The Bad and the Beautiful, inda fitowarta duka ba ta wuce minti tara da 'yan daƙiƙu ba. Ba na raina ta. 'Yar wasa ce ta gaske, kuma a shekarar ta fito a finafinai da dama, ciki har da wanda ya zama gwarzon shekara. Sai dai akwai gwajin da nake yi wa kowace rawar mataimaki: a cire ta, a ga abin da zai rage. A cire Lina daga wannan fim, za a bar raye-raye masu ban sha'awa da waƙoƙi masu daɗi, amma babu matsala, babu abokin gaba, babu dalilin da zai sa labari ya motsa daga inda yake. Kowane sashe na rikicin daga maƙogwaronta yake fitowa.

Ba na cewa masu zaɓe ba sa ganin barkwanci sam. Josephine Hull ta ci wannan kambu da Harvey na 1950, Marisa Tomei ta ci da My Cousin Vinny na 1992. Amma an fi sabawa da a kira mai ba da dariya cikin 'yan takara, a tafa mata, a miƙa kyautar ga wadda ta sa aka yi kuka. Madeline Kahn ta shiga takara sau biyu a jere da finafinan 1973 da 1974 ba ta ci ba, haka ma Melissa McCarthy bayan Bridesmaids na 2011. Ina jin dalilin shi ne hawaye yana nuna wahalar da aka sha wajen fitar da shi, dariya kuwa idan ta yi kyau sai ta share sawun aikinta, mai kallo ya ɗauka haka kawai ta zo. Rabin daƙiƙa na jinkiri kafin a ba da amsa, ko ɗaga gira a daidai lokacin da ya dace, ba abu ne da ake iya nunawa a ɗan guntun hoton da ake haskawa a daren biki ba. Hagen ba ta sake samun irin wannan rawa a fim ba. Ta koma talabijin, ta yi shekara uku a wani shiri na iyali tare da Danny Thomas, sunanta ya shiga takarar Emmy, kyautar shirye-shiryen talabijin, har sau uku, sannan ciwon daji ya ɗauke ta tana da shekara 54.

Ranki ya daɗe, wannan ita ce ƙararmu. Na faɗi ra'ayina ban ɓoye ba, amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Bayan an gama haska fim, ɗalibanki suna so su ji daga gare ki yadda alƙali ke yi idan aka ajiye masa kuka da dariya a faranti ɗaya, da kuma abin da ake faɗa a ɗakin alƙalai idan an zo kan mai barkwanci. Wasu kuma sun ce in roƙe ki ki tsaya da mu a kan fitowar ƙarshe, daga lokacin da Lina ta karɓe makirfo ta ce yau da bakinta za ta yi wa jama'a magana, har zuwa lokacin da ta waiwaya ta ga labule ya tashi.

Muna sake yi miki maraba da zuwa. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya mai da ke gida lafiya. Bismillah, ga kujerarki nan a sahun gaba. Masu kula da fitilu, a rage mana haske.