Hular Sauti da Ƙishirwar Ƙwaya: Daga Morgantown

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina garin Morgantown ne a jihar West Virginia, jihar da ta daɗe a sahun gaba a Amurka wajen mace-macen da ƙwaya ke jawowa. A jami'ar garin nan ne Dakta Ali Rezai da tawagarsa ke gwada kashe ƙishirwar ƙwaya da sauti.

Sautin ɗan'uwan wanda ake yi wa mai juna biyu hoto da shi ne, sai dai nan tattara shi ake yi wuri guda, kamar yadda yara ke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda. Na'urar, Exablate, hula ce mai bakuna 1,024, kowane baki na harba nasa sautin, duk su haɗu a ɗigo ɗaya can cikin ƙwaƙwalwa.

Ku kula da nan, don mutane na cakuɗa abu biyu. Akwai aikin ƙuna: sauti mai kilohaz 650 (ma'aunin saurin kaɗawar sauti) ya ɗumama ɗigon zuwa wajen digiri 55 zuwa 60 a ma'aunin Celsius, ya kashe ƙwayoyin jijiyar da ke haddasa karkarwa. Amurka ta amince da shi a 2016 ga wata irin karkarwa da ba ta cutar Fakinson ba, sannan a 2018 ga karkarwar Fakinson ɗin kanta. Amma wannan ba ya ƙara wa mai Fakinson dopamin, wato sinadarin ƙwaƙwalwa da ke ƙaranci a cutar, ko ɗigo, hanyar karkarwar kawai yake toshewa.

Wanda ke nufin hanyar dopamin shi ne mai sanyin, kilohaz 220, babu ƙuna. Ana saita sautin kan nukiliyos akumbens, mahaɗar cikin ƙwaƙwalwa da dopamin ke zuba idan mutum ya samu abin da yake so. Ƙwaya, ko hodar Iblis ce ko tiramol ɗin da muka sani a gida, cika wurin take yi har ya daina jin daɗin abinci da hira, sai ita kaɗai. Ana kyautata zaton sautin girgiza fatar ƙwayoyin jijiya yake yi, ƙananan ƙofofin da ke jikinsu su buɗe ko su rufe, saƙon ya sauya. Mutum na kwance cikin MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ido biyu, ana nuna masa hotunan abin da yake sha, yana faɗin ƙarfin sha'awarsa daga sifili zuwa 10, aikin kuma kamar minti 20 ne.

Babban abokin gaba ƙoƙon kai ne. Ƙashi yana shanye sautin, yana kuma karkatar da shi, shi ya sa ake fara ɗaukar hoton CT, mai nuna yanayin ƙashin, kwamfuta ta gyara lokacin harbin kowane baki. A aikin ƙuna, idan ma'aunin ƙashin, wanda ke nuna yadda sauti zai iya ratsa shi, ya gaza 0.4, sau da yawa zafin ba ya kaiwa. Iska ma matsala ce: sauti ba ya ratsa ta, don haka ake cika tsakanin hula da fata da ruwan sanyi da aka zuƙe wa iska. Kumfa kaɗan ta isa ta watsa shi.

Abin da nake taka-tsantsan da shi: raguwar sha'awa da mutum ya faɗa ba awon dopamin ba ce. A ɓera ana soka siririyar waya a auna kai tsaye, a mutum kuwa sai da hoton PET, mai nuna aikin sinadarai a ƙwaƙwalwa. Waɗanda aka gwada a kansu 'yan kaɗan ne, kuma ba a dakatar musu da magani da nasiha ba. Don haka duk wanda ya ce zai saita muku dopamin da wata na'ura a shago, ku riƙe kuɗinku.