Matakan Kammala Digirin Digirgir a Kimiyyar Binciken Cututtuka

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zama da ɗaliban digiri na biyu a garin Bauchi.

Assalamu alaikum. Malamaina da ke zaune a gaba, Allah ya ƙara girma. Ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa.

Sharuɗɗan shiga ba za su ɗauke mu lokaci ba. A Najeriya sai kana da digiri na biyu mai kyakkyawan sakamako, kuma wanda karatun ne kaɗai aikinsa ba ya gamawa ƙasa da shekara uku. A Amurka ana shiga kai tsaye daga digirin farko, ɗalibi ya zagaya ɗakunan gwaji biyu ko uku kafin ya zaɓi inda zai zauna, shi ya sa nasu kan kai shekara biyar zuwa shida. Duk wannan yana rubuce a littafin ƙa'idojin makaranta. Abin da ya kawo ni shi ne in gaya muku cewa aikin shekarar farko shi ke nuna ko mutum zai gama ko zai maƙale.

Matakin farko shi ne tambaya. Ɗalibi zai zo ya ce, "Malam, ina so in yi aiki a kan zazzaɓin Lassa." To, wannan sunan cuta ne, ba tambaya ba. Tun 1969 aka gano ta a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, an san ɓera ke yaɗa ta, an san Bauchi na cikin jihohin da ta fi addaba tare da Ondo da Edo. Kai me za ka ƙara? Amma in ka ce kana so ka gano wace alama ce a jinin majiyyaci, ranar da aka kwantar da shi, ke nuna ƙodarsa za ta samu matsala, ka kawo abin da za a iya aunawa. Sannan ka tambayi kanka ko kayan aikin suna nan. Ƙwayar Lassa mai rai ba a renonta sai a ɗakin gwaji mai matakin tsaro na huɗu, wato mafi tsauri, don haka kada ka rubuta tsarin aikin da ya dogara da abin da hannunka ba zai kai gare shi ba. Wannan tsarin za ka kare a gaban malaman sashenku, kuma gara su yi masa kaca-kaca a ranar da a ce sai bayan shekara biyu aka gano ramin.

Na biyu, izinin kwamitin ɗa'ar bincike. A nan zan ɗan daɗe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, aka shafe shekaru ana shari'a. Har yau mutanenmu ba su manta ba. Tun 2007 ƙasar nan take da kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya, kuma ko ɗigon jini ba ka da ikon ɗauka kafin takardar izini ta fito. Wanda ya tara samfuri kafin nan, ya yi aikin baban giwa.

Ku fassara takardar amincewa zuwa Hausa, da Fulatanci in da hali. Ku ɗauka ga wata baiwar Allah ta zo daga ƙauye, ɗanta kwance a gadon asibiti, ba ta karatun boko. Ka gaishe ta, ka zauna, ka karanta mata a tsanake: ga yawan jinin da za a ɗiba, ga abin da za a yi da shi, kuma in ta ƙi, ba abin da zai ragu a kulawar da ake ba yaron. Sai ta yarda sannan ta dangwala yatsa a gaban shaida. Wallahi wannan zama na minti goma yana cikin digirin.

Na uku, adana samfuri. Wanda zai yi gwajin PCR, wato gwajin gano ƙwayar cuta ta sinadarin gadonta, a kan sinadarin RNA, wanda shi ne sinadarin gadon ƙwayar Lassa, ya san sai firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, kuma ya san halin wutarmu. Dare ɗaya janareta ya tsaya, jinin da ka yi wata shida kana tarawa ya lalace. Ku raba kowane samfuri a ƙananan kwalabe, ku ajiye a firiza biyu daban, ku sa lamba maimakon sunan majiyyaci. Littafin ɗakin gwaji kuwa da biro ake rubuta shi, a ranar, har da gwajin da bai yi ba. Wanda yake koyarwa a makarantar gwamnati ya nemi tallafin TETFund da wuri, domin sinadaran gwaji da dala ake sayo su.

Sauran matakan kun san su. Akwai taron gabatar da inda aiki ya kai, akwai buga maƙala, wanda jami'o'i da yawa ke sharɗantawa kafin a ba ka ranar kare kundi. Ku guji mujallar da za ta karɓi kuɗinka ta buga aikinka cikin mako guda ba tare da masana sun tantance shi ba. Za a saka kundin a manhajar gano satar fasaha, ka kare shi a gaban malaman jami'arku, sannan farfesa daga wata jami'a ya zo ya yi maka tambayoyi baki da baki. Zai buɗe wani shafi ya ce me ya sa ka ɗauki wannan adadin majiyyata, me ya sa wannan lissafin ba wancan ba. In wani ka ba ya yi maka lissafin ba ka fahimce shi ba, a nan asiri zai tonu.

Kusan kowa ana ba shi gyare-gyare da wa'adin kammala su. Ku yi su a makon da aka ba ku, tun bayanin mai jarrabawa bai gushe muku ba, domin sai an sa hannu a kansu majalisar jami'a za ta amince da digirin.