Amsoshin Tambayoyinku: Faifan Elephant da Muhawarar Masu Sharhi

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko daga Zariya ta fito, daga wani malamin makaranta. Ya ce a gidan kallon ƙwallo ya sha jin 'yan kallo a filayen Turai suna rera wani amo baki ɗaya idan an ci, ɗansa kuma ya ce masa daga faifan Elephant aka samo shi. Ya nema ya saurara, sai ya ji ƙara kamar ana dukan kwanon rufi. Tambayarsa: su wa suka yi shi, kuma da gaske masana kiɗa sun yaba?

To Malam, mutum biyu ne kacal, Jack White da Meg White, 'yan birnin Detroit a Amurka, sunan ƙungiyarsu The White Stripes. Shi ke waƙa da kaɗa jita, ita ke kan ganguna. Salon nasu ana ce masa kiɗan rok na gareji, saboda samarin Amurka na shekarun 1960 a garejin gidajen iyayensu suke atisaye da kayan kiɗa masu araha, sautin na fita da kaushi.

Wannan ƙarar da ta dame ka, da gangan aka yi ta. A 2002 suka je wani ƙaramin situdiyo a Landan mai suna Toe Rag, suka naɗi mafi yawan waƙoƙin cikin kusan mako biyu a kan tef, da tsofaffin na'urori. Har a jikin faifan sun rubuta cewa ba a taɓa kwamfuta ba. Shi kansa amon da kake ji a filin ƙwallo, na waƙar Seven Nation Army, kunne zai ɗauka jita mai kaurin murya ce. A'a, jita ce ta yau da kullum, Jack ya taka wata 'yar na'ura da ƙafa ta saukar mata da murya. Magoya bayan ƙungiyar ƙwallon Club Brugge ta Beljiyam suka fara rera shi a 2003, Italiyawa suka yaɗa shi lokacin da suka ɗauki Kofin Duniya a 2006.

Batun yabo kuwa, an yaba ƙwarai. Da faifan ya fito a Afrilun 2003, mujallar Rolling Stone ta ba shi taurari biyar cif, ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, ya kuma ci Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, a 2004. Amma bakin bai zo ɗaya ba. Pitchfork, wata mujallar sharhin kiɗa ta intanet, maki 6.9 cikin 10 ta ba shi. Ƙorafin da aka daɗe ana yi musu shi ne sun ari rigar tsofaffin mawaƙan salon kiɗan da ake kira bulus, baƙar fatar kudancin Amurka irin su Son House, sun yafa. Ni dai ban ga aibi a nan ba. Jack bai taɓa ɓoye inda ya sha nono ba, yana ambaton sunayensu, kuma ta dalilinsa matasa da yawa suka koma neman waɗannan dattawan.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Maraɗi: me ya sa ake cewa Meg ba ta iya kiɗa ba?

Hajiya, wannan magana tana ci mini rai. Har a 2023 sai da aka sake tayar da ita, manyan makaɗa suka fito suka kare ta. Laifinta wai ba ta yin kwalliya a kiɗa, bugu ɗaya take riƙewa, dum, dum, dum. To ai tun da su biyu ne kawai, idan jitar Jack ta haukace, wannan bugun ne ke riƙe da waƙar kamar turke. Da ta cika wurin da salo, da mutum dubu hamsin ba su iya tafa hannu su bi ta a filin wasa ba. Ƙungiyar ta watse a 2011, an kuma shigar da su zauren karrama mawaƙan rok na Amurka a 2025.

Ga kaɗan daga farkon waƙar Seven Nation Army. Hajiya, ki kasa kunne ga gangar.